Sabon Giyabos a Tsohuwar Mota

A bencin garejin makaniki na ji wani direban tasi yana yi wa wani dattijo magana.

"Baba, wannan tsohuwar motar taka ce? Me ake yi mata?"

"Giyabos za a sa mata na zamani, otomatik, mai ƙarin giya don doguwar hanya."

"Haba Baba! Za ka ɓata ta. Ai daɗin irin wannan motar ka sa giya da hannunka."

"Da wane hannun? Shekara takwas ke nan da na daman nan ya shanye."

"Subhanallahi. To, da yaya kake tuƙi?"

"Uwar 'ya'yana ke zama a gefe. In taka kuloci in ce mata 'yanzu', ita kuma ta sa giya. Watanni biyar ke nan da rasuwarta. Yaran duk suna nesa."

"Allah ya jiƙanta. Yi haƙuri, Baba, bakina ya yi sauri."

"Amin. Makaniki ya ce wannan ba ya kuskure, ba zan ma ji canjin giya ba."

"Ka huta ke nan."

Dattijon ya kalli motar.

"Ita kuwa marigayiyar, kullum sai ta makara a giya ta uku. Mu yi ta faɗa har gida."