Silifas ɗin Tok

IRDINA: Salamu alaikum. Abah? Abah, kana jina?

ABAH: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Iska ta yi yawa a nan.

IRDINA: Ni ce, Irdina.

ABAH: A'a, Dina 'yar Abah. Tsaya in shiga ciki, injin nan ba ya barin mutum ya ji ko tunaninsa. Yauwa.

IRDINA: Ina wuni, Abah.

ABAH: Lafiya lau. Ya gida, ya tsibiri?

IRDINA: Lafiya. Ya aiki? Ya teku?

ABAH: Teku na nan yadda kika san ta, ba ta da aboki. Kin ci shinkafa?

IRDINA: Na ci.

ABAH: Da me?

IRDINA: Da kifi mana, Abah, da me kuma?

ABAH: Sannu, sarauniyar gajen haƙuri. Ya makaranta? Mahaifiyarki Mak fa?

IRDINA: Duk lafiya.

ABAH: Jirginmu fa, gidan namu na kan ruwa? Kuna kwashe ruwan da ke taruwa a ƙasa? Katako ba ya son a manta da shi.

IRDINA: Kullum ina kwashewa.

ABAH: Madalla. Kakarki Tok fa? Har yanzu ma'aikatan jiragen suna wawashe shinkafar kwakwar da take sayarwa tun da safe?

IRDINA: Tok tana gaishe ka.

ABAH: Ba ni ita in ji muryar uwata.

IRDINA: Ba ta kusa. Kuma likita ya ce kada ta yawaita magana.

ABAH: Wane likita?

IRDINA: Abah, Mak ta ce kada in faɗa maka sai ka dawo ƙarshen wata. Wai hankalinka zai tashi kana aiki a tsakiyar ruwa. Ni na kasa. Tok tana asibiti tun ran Asabar. Ta faɗa ƙarƙashin gada.

ABAH: Ƙarƙashin gado? Me ta je nema a ƙarƙashin gado?

IRDINA: Gada, Abah. Gadar katako da muke ɗaure jirgi. Cikin ruwa ta faɗa.

ABAH: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tana da rai? Dina, ki faɗa mini gaskiya.

IRDINA: Tana da rai. Ta sha ruwa, ya shiga huhunta, an sa mata robar iska a hanci. Tafin hannunta duk ya yayyanke, ɓawon katantanwar nan da ke manne jikin gada, kaifi kamar reza. Amma jiya ta sha kunu, har ta yi wa nas faɗa wai babu gishiri.

ABAH: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. To yaya aka yi? Matar da aka haifa a kan ruwa? Ko da ido rufe Tok ta san kowane katako a gadar nan.

IRDINA: Tuan Hazman ne.

ABAH: Wa? Layin yana yankewa.

IRDINA: Tuan Hazman. Mai farin jirgin nan na kusa da namu, mai hawa biyu. Ya zo da baƙi daga birni, mota uku. Tun hantsi suka kunna lasifika suna waƙa da makirufo, wannan ya ajiye wannan ya ɗauka, babu mai murya ko ɗaya. Ya sa aka wanke jirgin, aka bar tiyo a gicciye kan gada yana ta zuba, kumfar sabulu har ƙofar jirginmu.

ABAH: Ai ya saba. To sai Tok ta yi tuntuɓe da tiyon?

IRDINA: Tsaya ka ji mana. Ka san dokar Tok. Ba a hawa jirgi da takalmi, a kan gada ake barinsa. In ka ga silifas, mai shi na ciki. In babu, ya fita.

ABAH: Kowa a gadar nan haka yake yi tun kafin a haife ki.

IRDINA: To. Tok ta fito za ta je masallaci azahar, ba ta ga silifas ɗinta ba. Koren nan, wanda ka ɗinke mata da zaren kamun kifi. Sai ta sauko ba takalmi tana dubawa ko iska ce ta tura shi. Ƙafa ba takalmi, katako da sabulu. Santsi ya kwashe ta, ta zurma tsakanin jirgi da gada. Allah Ya sa hannunta ya kama igiyar tayar nan da muke ratayawa don kada jirgi ya gogi gada. Ruwa yana ja a lokacin, ya tura ta can ƙarƙashin katako.

ABAH: Ba wanda ya gani? Mak ɗinki tana ina?

IRDINA: Mak tana kasuwa. Ni na je kai kwanukan shinkafa. Da na dawo na duba gada, babu silifas, na ce Tok ta tafi masallaci. Mak ta dawo, ita ma ta duba, ta ce Tok ta tafi masallaci. Pak Leman mai gyaran inji ya zo karɓar ragowar shinkafa, ya duba ƙasa, ko sallama bai yi ba ya juya. Dukanmu takalmi muka tambaya, Abah, takalmi kuma ya yi mana ƙarya.

ABAH: Ba ta yi kira ba?

IRDINA: Ta yi. Wa zai ji? Wani ƙato yana ta kukan soyayya a makirufo.

ABAH: To wa ya… Dina? Dina, kin tafi?

IRDINA: Ina nan. Ina zaune a bakin jirgi ina fere albasa, sai ga wata mata cikin baƙin nasa tana tahowa daga wajen banɗakunan tashar. Babbar hula, baƙin tabarau, zobba. Na kalli ƙafarta. Koren silifas da zaren kamun kifi. Abah, wuƙar faɗuwa ta yi daga hannuna. Na gaishe ta da ladabi na ce, Mak Cik, ina kika samu takalmin nan? Ta ce nan ta gan shi a ajiye, ta ɗauka irin na banɗakin masallaci ne da kowa ke zurawa, nata mai tsini ne ba ya tafiya a kan katako. Wai har ta tsaya shan shayi a can sama. Tana faɗa tana dariya.

ABAH: Ya Allah.

IRDINA: Na leƙa cikin jirgi, ga mayafin sallar Tok a ƙasa bakin ƙofa. Sai na kwanta rub da ciki a kan gada na leƙa. Fuskarta kawai ke waje. Leɓenta ya yi shuɗi. Ba ta ma iya kiran sunana ba, kallona kawai take.

ABAH: Kika ja ta zuwa tsanin da ake hawowa gada daga ruwa.

IRDINA: Wane tsani? Tuan Hazman ya ɗaure babur ɗin ruwansa a jikin tsanin, da sarƙa da kwaɗo. Tun watan jiya yake nan, na faɗa wa Mak, ta ce in yi shiru. Pak Leman ne ya faɗa ruwa da kayansa, ya turo ta, ni da Mak muka ja. Duk hannunta a gadar ya yanke. Har muka ɗora ta a kan katako waƙar ba ta tsaya ba, sai da Pak Leman ya je ya fizge wayar wutar da hannunsa.

ABAH: Allah Ya saka wa Leman da alheri. Shi Tuan Hazman ɗin me ya ce?

IRDINA: Ya leƙo daga sama ya ce tsofaffi bai kamata suna yawo a kan gada su kaɗai ba. Jiya ya aiko direbansa asibiti da kwandon 'ya'yan itace da sabon takalmi. Ruwan gwal, mai tudu. Ko ƙafar Tok ba ya shiga.

ABAH: Tok ta ce me?

IRDINA: Ta ce a yi masa godiya. Wai matar ba da gangan ta yi ba, baƙuwa ce, kada a kunyata ta. Ka san Tok.

ABAH: Ta yi gaskiya.

IRDINA: Ta yi gaskiya a kan matar. Ni ba matar ce ta dame ni ba. Abah, yanzu haka a kan gadar nake tsaye. Tiyon yana nan ƙarƙashin ƙafata. Babur ɗin yana nan jikin tsani. Jibi za a sallamo Tok, kuma a nan za ta taka. So nake in je ofishin manaja in faɗa masa. Mak ta ce ba zan je ba sai da izininka, kuma ta hana a gaya maka. To yaya ke nan? Shi ya sa na kira.

ABAH: Dina, ki saurare ni.

IRDINA: Na san abin da za ka ce.

ABAH: In kin sani ki bar ni in faɗa. Jirgin katako nawa ya rage a tashar nan?

IRDINA: Namu.

ABAH: Namu kaɗai. Sauran duk an lallaɓa an fitar da su, ɗaya bayan ɗaya, aka cike wurin da fararen jirage. Albarkacin marigayi kakanki muke ci, don shi ya kafa ginshiƙan farko. Manajan yanzu bai san shi ba. Shi da Tuan Hazman tare suke shan shayi. Ki je ki kai ƙara, abin da zai ji shi ne tsohuwa ta faɗa ruwa, wurin bai dace da iyali ba. Ina za mu kai ta? Bakin kogi, cikin laka, inda sai ta hau tsani mai santsi in ruwa ya janye?

IRDINA: To mu zauna ke nan har sai ya kashe wani?

ABAH: Ki iya bakinki. Maƙwabci ne. Ki naɗe tiyon ki ajiye masa a gefe. In na dawo zan same shi, mu yi magana ta manya, ba tare da kowa ya ji kunya ba.

IRDINA: Kullum naɗewa nake. Tun da ya zo nake naɗewa. Bara ma ka ce za ka yi masa magana, kuka ƙare da hirar farashin man jirgi.

ABAH: Irdina.

IRDINA: Yi haƙuri, Abah.

ABAH: Ba tsoro ba ne. Wanda ke cikin jirgin katako ba ya wasa da ashana. Ki bari in dawo.

IRDINA: Akwai abin da ban faɗa maka ba. Ko Mak ban faɗa wa ba.

ABAH: Me? Ɗaga murya, iskar ta dawo.

IRDINA: Jiya da Mak ta fita alwala, Tok ta kama hannuna. Ta ce ta ji ni. Lokacin da take ƙasa. Na wuce ta kanta da na dawo da kwanuka, na sake wucewa da na je ɗebo ruwa. Ta ce ta gane tafiyata, don ni kaɗai ce ke gudu a kan gada kamar ana kora ta. Ta ce ta tsakanin katako tana hango tafin ƙafata. Ta kira ni, Dina, Dina, har muryarta ta ƙare. Ta ce da na wuce na biyu sai ta daina kira ta fara kalmar shahada. Ba faɗa take mini ba, Abah, labari kawai take ba ni, har da murmushi. Ni kuwa tun jiya in na taka katakon nan sai in ji kamar a kanta nake takawa.

ABAH: Wayyo Allah…

IRDINA: Abah? Layin ne?

ABAH: Ba layin ba ne.

IRDINA: Kuka kake?

ABAH: Iska ce. Ta ce ta daina kira?

IRDINA: Eh.

ABAH: Uwata. Matar da in ta kira ni daga bakin gada sai a ji a ƙarshen tsibiri.

IRDINA: Abah, katina ya kusa ƙarewa, matar nan ta waya ta yi magana.

ABAH: Silifas ɗin suna ina?

IRDINA: Ga su a hannuna. Ban mayar da su kan gada ba, kada wani ya ɗauka tana ciki.

ABAH: Ofishin manajan a buɗe yake?

IRDINA: Har la'asar.

ABAH: Ki tafi da su. Ki yi sallama, ki cire naki a ƙofa, ki gaishe shi yadda ake gaida babba. Kada ki ɗaga murya, kin ji ko? Kada ki zagi kowa, kada ki ambaci baƙuwar nan. Ki ajiye silifas ɗin a kan teburinsa ki ba shi labarin yadda kika ba ni. Har da abin da Tok ta faɗa miki.

IRDINA: In ya ce mu tashi fa?

ABAH: Wannan nawa ne, ba naki ba. Ki biya ki ɗauki Pak Leman. Ki ce ɗan Tok ne ya aiko ki. Kuma ki fara da tsanin, Dina, kafin komai a cire sarƙar nan daga jikin tsa—

IRDINA: Abah? Abah?… Na ji.