Harsashin da Ya Tsaya Iya Gwiwa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Ishaku, magini ne ni. Ban iya doguwar magana ba, zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Aikin dam ɗin Bakolori ne ya kawo ni Talata Mafara. A can na koyi zuba kankare, na san abin da ƙasa ke ɗauka da abin da ba ta ɗauka. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce rashin sani ya sa ni.

Da ruwa ya cinye garuruwa ta wajen Maradun, mutane suka watsu neman wurin zama. Wani manomi, Malam Garba, ya samu fili kusa da Damri, ya ce in gina mishi ɗaki biyu na bulo. Ƙasar wurin baƙar laka ce, da rani ta tsattsage, da damina ta kumbura. A irin wannan ƙasa sai ramin harsashi ya kai ƙugu. Mai gida da kansa yake shiga ramin ya tsaya, in bakin ramin ya kai ɗamararsa, sannan a zuba kankare.

Muka yi takardar garanti a gaban mai unguwa. Damina biyu. In harsashi ya nutse, ko bango ya tsage har yatsa ya shiga, ni zan rushe in sake. Tsagewar yaɓe ba ta ciki.

Malam Garba ya shiga ramin gaba, ya kai mishi ƙugu, ya ce madalla. Washegari ya tafi Maradun bin maganar diyyar gonarsa, ya yi kwana huɗu. Ni kuwa wani aiki na jirana a Bakura. Na haƙa ramin baya iya gwiwa, na zuba kankare, na rufe. Ran Lahadi na zo sujada na yi waƙa da babbar murya.

A damina ta biyu ya aiko a kira ni. Bangon baya ya tsage daga taga zuwa ƙasa. Yatsana ya shiga, na cire da sauri kafin ya gani. Na ce, "Malam, yaɓe ne kawai." Na cika wurin da siminti na shafe. Da kaka ta yi, wa'adin takarda ya cika, na ce na tsira.

Da bazara na haɗu da shi a kasuwar Talata. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Sannan ya ce, "Ishaku, ɗakin ga na baya akwai sanyi. Na maida tsohuwata ciki, ta ce tun da ruwa ya tashe mu ba ta yi barci mai daɗi ba sai yanzu."

Na ce, "Allah ya ƙara mata lafiya." Na juya na sayi barkonon da aka aike ni.

A gida na kasa cin tuwo. Matata Rifkatu ta matsa mini, na faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To, Baban Ladi, da wane bakin za ka yi mana addu'ar abinci?" Na ji haushi ƙwarai. Na ce takarda ta ƙare, ko gaban alƙali aka je ni ke da gaskiya. Ta ce ita ba alƙali ta tambaya ba, ta ɗauke kwanonta ta fita.

Mako biyu ina gardama da Allah. Ina ce mishi bangon zai iya kai wata shekara, in na faɗa kuma ba wanda zai sake ba ni aiki. Wata ranar Laraba da azahar ina kan gini a garin Ruwan Gizo, hadarin farko ya taso daga gabas. Na san abin da ruwan farko ke yi wa baƙar laka. Na sauko, na durƙusa a bayan tulin yashi. Addu'ar ba ta da tsawo. Na ce, "Ya Yesu, ni maƙaryaci ne. Kada ka bar jinin matar nan ya hau kaina. Ka ba ni ƙafar zuwa." Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Na dai tashi na hau kekena.

Na iske Malam Garba yana gyaran garma a ƙofar gida. Ya ce, "Lafiya? Mi ya kawo ka da hadarin ga?"

Na ce, "Malam, ka fito da Inna daga ɗakin baya yanzu. Harsashin iya gwiwa na haƙa. Kuma ba yaɓe ne ya tsage ba."

Ya ajiye garmar. Ya shiga ya goyo tsohuwar zuwa ɗakin gaba, ya dawo da takardar a hannu. Ya ce, "Ai wannan ta ƙare." Na ce na sani, zan sake ginin duk da haka.

Da gari ya waye muka cire kwanon rufin ɗakin. Mu uku, ni da shi da wani maƙwabcinsa, muka sa hannu a bangon, turi ɗaya ya kife a daidai inda tabarmar Inna take.

Na sake haƙa. Malam Garba ya shiga ramin, ya bi shi daga wannan kusurwa zuwa waccan yana duba ɗamararsa, ni ina tsaye a sama. Bai sake ba ni aiki ba, labari kuma ya kai Bakura, na yi shekara ina dakon yashi a ƙarƙashin waɗanda na koya wa gini. In mun haɗu yakan amsa gaisuwata, iyakarta ke nan. Ban ga laifinsa ba.

Bara aka aiko mini Inna ta rasu. Tsufa ne, a kan tabarmarta, a cikin ɗakin nan na baya. Na je gaisuwa, na zauna a waje na jingina da bangon.

Ina gode wa Yesu da ya fitar da ni daga ƙaryata tun kafin ta kashe mutum. Ɗan'uwa, in akwai abin da ka rufe da siminti, ka dogara ga Yesu ka je ka faɗa yau, kafin ruwa ya sauko. Amin.