Tafintan Alhaji Zai Tafi Indiya

A rumfar wani baduku a Ƙofar Wambai, 'yan makonni bayan soja sun koma bariki, mutum biyu, wani dattijo da wani mai jar hula, na jiran a ɗinke musu jaka.

"Baba, yi haƙuri a fara tawa," in ji mai jar hula. "Jibi zan hau jirgi! Indiya! Alhajina zai kai fatun awaki, ni ne tafinta."

"Ikon Allah! Wane yanki?" in ji dattijon.

"Gundumar Dindigul."

"Kai! Shekara biyu na yi can ina koyon jima! Mutum kusan miliyan biyu ne, yawanci a ƙauyuka, ga shinkafa, ga kwakwa, ga duwatsu. Akwai tsohuwar ganuwa a kan dutse, kamar a ce an kewaye kan Dala. A ina ka koyi yaren?"

"Silima mana! Shekara ashirin ba fashi. Har waƙa nake fassara wa 'yan unguwa."

"Indiyancin silima? Malam, can Tamil suke yi. Wanda ka iya ɗin nan, har bore suka taɓa yi don kada a ɗora musu shi."

Mai jar hula ya matso kusa da dattijon.

"Alhaji ya riga ya sayi tikiti, Baba. In ya gane, na rasa aikina."

"Shi yana jin wani abu?"

"Ko kalma ɗaya."

"To tafi abinka. Su yi magana, ka juyo ka gaya wa Alhaji abin da yake son ji. Haka sabon ɗan majalisarmu yake yi mana, kuma jiya aka ba shi mota."