Ɓauren Bakin Lungu

Shugaban taro, ɗana Wongani Mhone. Mai gari da dattawansa. Iyayenmu mata masu shanya kifi. Matasa masu ƙarfin gatari. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni dama, ni tsoho Longwe, ko da yake da kun hana ma sai na yi magana.

An tara mu ne don a sare ɓauren da ke bakin lungun tafkinmu, inda jirage ke fakewa, a kafa rumfunan shanya ƙananan kifin nan, usipa. Ni ban yarda ba.

Na farko, ban san baƙi a takarda ba, amma na san ƙasan ruwan nan. Lungunmu yashi ne shafe a kan dutse, anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ba ta kama shi. Wuri ɗaya ne mai laka, kuma ba a gane shi sai daga cikin jirgi an ga ɓauren nan ya rufe tsagaggen dutsen da ke bayansa. Nan ake sakin anga. Haka kakana ya nuna mini.

Na biyu, watan jiya wasu mata da miji masu yawon tafki suka shigo da jirginsu mai filafilai, guguwar iskar nan da muke kira mwera na korarsu. Suka saki anga kan farin yashi don ya yi musu kyau. Na tuƙa kwalekwale na same su. Mijin ya nuna mini wata na'ura, wai ita ta ce nan. Na ce, "Ɗana, na'urar taka ta taɓa nutso a nan?" Matar ta ce, "Ka ji maganar Baba, kai ko randar gidanmu ba ka san zurfinta ba." Suka matsa wurin lakar, saitin ɓaure. Kwana uku mwera na kaɗawa, jirgin ko gezau, har suka ci tuwon rogo a gidana.

Na uku kuwa naka ne, Shugaba. Shekaru da yawa da suka wuce, wata ranar Talata da hantsi jirgi ya shigo lungun nan da mace mai naƙuda, igiyar ruwa ta hana su isa asibiti. Ni na tsaya cikin ruwa har ƙirji ina ihu, "Ku dubi ɓaure! Yanzu, saki!" Anga ta kama, jirgi ya natsu, kafin azahar muka ji kukan jariri. Matar nan ita ce NyaManda, ga ta can zaune tana share ido. Jaririn kuwa ga shi ya yi tumbi, yana riƙe da takardar sare itace.

Ku yi dariyarku, ai ɗana ne. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. In rumfa kuke so, ga gonar rogona a bakin ruwa, na ba ku rabinta. Amma ɓauren nan ku bar wa wanda mwera za ta koro bayan ba ni.

To, na ga Shugaba ya ninke takardar ya sa aljihu. Kada ka fito da ita, ɗana, uwarka na kallo.

Allah ya cika tarunanku, ya mayar da kowane jirgi gida lafiya. Na gode.