Mitar da ta ɗaure ni a ɗaki

Salama a gare ka, mai gabatar da shiri, da duk masu sauraro. Sunana Saratu, ina koyarwa a firamare a nan Kafanchan.

Da aka kawo mitar kati gidan da muke haya, mai gidan, Baba Dauda, ya ce a maƙala ɗan akwatin da ake danna lambobi a ɗakina, wai ni ce mai karatu. Mai gyaran wuta ya saita shi ya riƙa ƙara idan kati ya kusa ƙarewa. Har godiya na yi masa!

Tun ranar ban huta ba. Da ya fara ƙara sai maƙwabta su hau buga ƙofa: "Malama, jaririnki na kuka!" Ba inda ake sa kati sai ɗakina. Ranar auren ƙanwata a Kachia, muna cikin coci matar Baba ta kira ni: "Saratu, ki dawo, wuta ta ƙare, kifina zai ruɓe a firji." Ko shinkafar biki ban ci ba na hau mota. Da na gwada barin makulli, na dawo na tarar da yaran gida a kan gadona suna shan rake.

Na roƙi Baba a fitar da akwatin waje. Ya ce, "'Yata, ɓarayi fa? Wurinki ya fi." Dattijon cocinmu ne, yaya zan yi masa gardama?

Jama'a, ku ba ni shawara don Allah. Ɗaki na kama haya, ba gadin mita na zo yi ba.