Farin Ƙyallen da na Kunyata Baƙo da Shi

Assalamu alaikum. Shugaban wanga taro, wakilin suparefe mai mulkin yankinmu, wakilin Mai Martaba Sarki, limamanmu da masu garuruwa, manoman gyaɗa da kunka taso tun daga Korgom da ƙauyukan da ke kewaye da Tasawa, iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin itacen bedi, ina gaishe ku gaisuwar girma, babba da yaro.

Ina godiya ga shugabannin ƙungiyarmu ta manoma da sunka ba ni dama in yi magana ranar buɗe awon gyaɗar bana. An sa ni cikin tsari ne don in faɗi halin da motocinmu biyu ke ciki. Zan faɗa, amma ku yi mani haƙuri, sai na bi ta kan abin kunyata kafin in kai ga motoci.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Maharazu makaniki, mai kula da injin motocin ƙungiya. Shekara huɗu na yi a garajin Maraɗi, na komo gida da takarda da ƙaton kai. Kun san ni da farin ƙyallena. In mota za ta tashi, sai in zaro sandar awon mai, in goga ta ga ƙyallen, in ɗaga sama kowa ya gani. In man ya fito garau in ce madalla, in ya fito baƙi in ɗaure fuska. Na ga kuna sha'awar abin, ni kuma na ji daɗin kallon da kuke mani, har na ɗauki wasan a bakin ilimi.

Magana ta farko, abin da na aikata. Bara war haka, a wanga fili, gaban sikelin nan, na zaro sandar motar Baƙo direba. Kwana goma kacal da na ba shi man inji daga sabuwar gangar da anka kawo mana, sai ga shi baƙi ƙirin. Na zaro ta motar Danda, direbanmu na biyu, wanda motarshi ke shan ragowar tsohuwar ganga, nashi ya fito kamar zuma. Na ɗaga ƙyallen da tabo biyu, na ce Baƙo bai zuba sabon mai ba, saida shi ya yi, ya bar tsohon cikin inji. Ban ja shi gefe ba, ban tambaye shi ba, gaban surukinshi da maƙwabtanshi na faɗa. Baƙo ya ce mani: «Malam Maharazu, wallahi na zuba, da hannuna na zuba.» Na ce ƙyalle ba ya ƙarya. Kunka yarda da ni, anka karɓe makullin daga hannunshi.

Ran nan mutum guda ne ya tanka mani, Habsatu matar Baƙo, wadda rabin garin nan ke cin man gyaɗarta. Ta tsaya nan inda liman ke zaune ta ce: «Makaniki, mu ko man gyaɗa ba mu saye da ido. Sai mun shinshina, sai mun murza, sai mun ɗanɗana.» Na yi dariya, na ce ta koma ga ƙuli-ƙulinta. Wasu cikinku sun taya ni dariyar, amma ni na fara ta, kuma ni ke ɗauke da ita.

Magana ta biyu, abin da Allah ya nuna mani. Wata ukku bayan haka motar Danda ta mutu kan hanyar Korgom, shaƙe da buhunan gyaɗa. Munka jawo ta, na kwance injin. Jama'a, abin da na tarar ciki ban taɓa ganin irinshi ba: dauɗa ta daskare kamar kwalta, ta toshe hanyoyin mai, ƙarfe ya ci ƙarfe. Wanga shi ne injin da nake yabo kullum. Hankalina ya tashi, na buɗe na tsohuwar motar Baƙo, ina tsammanin in ga abin da ya fi haka muni. Na same shi fes.

Na ɗauki ragowar man ganguna biyun na kai wa maigidana na Maraɗi, Malam Bilal, wanda ya koya mani riƙon sifana. Ya karanta rubutun ganga, ya dube ni ya ce: «Maharazu, sabon man nan wanki yake. Shina kwaso dauɗar inji ya riƙe ta jikinshi, shi ya sa yake baƙi da wuri, balle a injin gazuwal, wato dizal. Tsohon kuwa barinta yake ta kwanta. In ruwan wanki ya yi baƙi, kana cewa ba a yi wanki ba?» Sa'an nan ya ɗiga man a yatsa, ya murza, ya kai hanci. Abin da Habsatu ta faɗa mani kyauta, shi na biya kuɗin mota har Maraɗi na gani. Na rasa inda zan sa idona.

Don haka direbobi da masu injin niƙa, ku ji daga bakin wanda ya yi kuskuren. Baƙin launi shi kaɗai bai nuna mai ya mutu ba, haske kuma bai nuna inji na lafiya ba. Ku murza, in kun ji tsakuwa-tsakuwa akwai matsala. Ku shinshina, in shina warin gazuwal ko ƙauri ku nemi makaniki. In ya koma fari-fari kamar an dama da nono, ruwa ya shiga, kada ku tada motar. Sauran kuma ku ƙirga tafiyar da mota ta yi, ku canza mai a kan lokaci. Danda ba shi da laifi, abin da na ba shi ya zuba.

Magana ta ukku ita ta fi mani nauyi. Na san gaskiyar nan tun kafin damina, na yi shiru. Wata tara ina shiru. Cikin watannin nan Baƙo ya koma jan amalanke. Ya bar sahun gaba a masallaci. Mutanen da ke ba shi saƙo zuwa Maraɗi ba tare da sun ƙirga ba, sunka daina. An kira ɗiyanshi ɗiyan ɓarawon mai a bakin rijiya, na ji da kunnena, na wuce. Tsoro nake kada a ce makanikin Maraɗi bai san mai ba. Na fifita takardata bisa mutuncin bawan Allah, kuma wannan ya fi kuskuren farko muni, don na farko jahilci ne, na biyu da sanina na yi.

Makon jiya na kasa daurewa, na tafi gidanshi bayan la'asar, na durƙusa na roƙi gafara. Ya shimfiɗa mani tabarma, ya sa anka kawo mani ruwa, ya saurare ni har na gama. Sa'an nan ya ce: «Malam Maharazu, ba cikin zaurena ka ɗauki sunana ba. Inda ka ɗauke shi, can za ka maida shi.»

To ga ni a wurin. Ga sikelin, ga ku, ga ƙyallen da tabonshi biyu, ban wanke ba. Ku shaida, Baƙo bai saci mai ba, ko ɗigo. Ni Maharazu na yi mashi ƙazafi. Habsatu, kin fi ni sanin mai, ki yafe mani dariyar nan. Ina roƙon shugabanni a sa mai shela ya faɗi haka ranar kasuwa, da sunana a ciki, yadda wanda ya ji zargin zai ji wankewar.

Halin motoci kuwa, guda ta mutu ta dalilina, guda na da rai ta dalilin mutumin da munka kora. Ga makullinta, shugaba ya yarje mani in aje shi bisa tebur. Baƙo, ina ganinka can baya jikin amalankenka. Ba ni da bakin da zan ce ka zo ka ɗauka. In ka ɗauka ka yi mana alheri, in ka bari ba wanda zai ga laifinka.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya sa gyaɗarmu ta yi nauyi a sikeli. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maida kowa gidanshi lafiya. Allah ya tsare ku da tsayawa inda na tsaya yau. Allah ya sanyaya zuciyar Baƙo, ko ya ɗauki makullin ko bai ɗauka ba.

Na gode.