Ranar Da Na Gai Da Baba A Tsaye

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ɗalibi ne daga Yakasai. A jami'a wani lakcara ya ce mana tsuguna wa manya ragowar bauta ce, muka yi ta tafi. Ran nan mahaifina ya ziyarce ni makaranta, na miƙa masa hannu a tsaye gaban abokaina. Ya karɓa. Sai ga lakcaran zai wuce, ya tuɓe takalmi ya zube ƙasa gaban Baba: "Malam, barka da zuwa." Ashe Baba ne ya biya wa lakcaran allo yana yaro! Har yau Baba bai tayar da maganar ba, shirun nan ke cina. Jama'a, da wane baki zan ba shi haƙuri?